Famfarar 'Yar Kyanwa da Cututtukan da Ake Ɗora wa Haƙori

A gidajenmu, idan jariri ya fara zawo da zazzaɓi, kafin a kai ga asibiti an riga an yanke hukunci cewa haƙori ne. A aikina na duba lafiyar dabbobi na lura wannan fahimta ta tsallaka har kan kyanwa, musamman yanzu da masu kiwonta suka ƙaru, wasu don maganin ɓera a rumbu da shago, wasu kuma don sha'awa. Sai a kawo mana 'yar kyanwa ta kwana uku tana amai, idanu sun faɗa, mai ita yana cewa ya ɗauka haƙori take yi.

Ana haihuwar 'yar kyanwa babu haƙori ko ɗaya. Ƙananan haƙoran gaba suna ɓullowa tana da mako biyu zuwa uku, fiƙoƙi su biyo baya, kuma kafin ta cika wata biyu haƙoran nono 26 sun kammala. Suna da tsini kamar allura, shi ya sa a wannan lokaci uwar take fara tashi ta bar su idan sun zo shan nono. Famfara kuwa tana somawa wajen wata uku zuwa huɗu, ta ƙare a wata shida zuwa bakwai, lokacin da haƙoran girma 30 suka maye gurbin na farko. Ba lallai ba ne mai gida ya tsinci haƙorin da ya faɗi, domin yawanci tana haɗiye shi tare da abinci, kuma hakan ba ya cutar da ita.

Abin da famfara take jawowa kaɗan ne. Dasashi yana ɗan yin ja, yawu yana ƙaruwa, wani lokaci a ga ɗigon jini a jikin abin da ta tauna, tana iya rage cin abinci mai tauri na kwana ɗaya ko biyu, amma wasanta da kuzarinta suna nan. Babbar alamar ita ce taune-taune: bakin tabarma, igiyar takalmi, wayar caja, yatsan yara. A nan haɗarin yake, domin wayar da ke jone da wuta tana ƙona baki, zare ko igiyar buhu kuma idan ta haɗiye yana iya naɗe hanji har sai an yi tiyata. Idan aka ga zare ya leƙo daga bakinta ko duburarta, kada a ja shi, a kai ta wurin likitan dabbobi. Abin da ya dace a gida shi ne a kawar da waɗannan abubuwa, a ba ta tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ta riƙa tauna, a kuma tausasa abincinta, kamar dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai. A guji ragowar miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, madarar shanu kuma takan sa ta zawo.

Amai, zawo mai yawa, zazzaɓi, kwanciya ba motsi, majina da kwantsa, ko ƙin abinci na yini guda cur, babu ɗaya daga cikinsu da haƙori ke kawowa. Abin da ya sa ake rikita su da famfara shi ne lokacinsu ya zo ɗaya: kariyar da ta samu daga nonon uwa tana ƙarewa a waɗannan watanni, don haka tsutsar ciki da cututtuka masu yaɗuwa suke samun ƙofa. Akwai wata cutar hanji mai kashe 'yan kyanwa cikin kwanaki kaɗan, akwai kuma murar kyanwa wadda take fitar da gyambo a harshe, har a ga tana dalalar yawu ta kasa cin komai. Duka biyun suna da rigakafi, ana farawa tun tana wajen mako takwas, a maimaita bisa tsarin da likita ya bayar, allurar haukan kare kuma daga wata uku.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ba ta maganin mutane. An taɓa kawo mini wata 'yar wata huɗu a cikin kwali, fuskarta da dagi sun kumbura, tana numfashi da ƙyar, da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashin ya koma launin ƙasa maimakon ja-ja. Uwar gidan, cikin tausayi, ta ɓalli kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar farasitamol ta jiƙa mata da daddare. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu take yi, sai ya zama guba da ke hana jini ɗaukar iska, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babban muzuru. Maganin haƙorin jarirai na ruwa ma akwai wanda yake ɗauke da farasitamol. Wanda ya riga ya bayar kada ya jira alama, ya garzaya da ita wurin likitan dabbobi, domin makarinsa yana aiki ne idan an yi hanzari.

Yana da kyau a riƙa ɗaga leɓenta sau ɗaya a mako ana dubawa. Idan fiƙa biyu suka jeru wuri ɗaya, tsohuwa ta ƙi faɗuwa bayan sabuwa ta fito sosai, abinci zai riƙa maƙalewa tsakaninsu, kuma likita ne ya kamata ya cire ta, ba a gida da zare ba.

A hana yara miƙa mata yatsa don wasa, domin cizon da aka yi wa dariya a wata uku shi ne zai zame mata ɗabi'a. Idan haƙorin ya huda fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a je asibiti, musamman idan kyanwar tsintuwa ce ko ba a yi mata allurar haukan kare ba, domin kyanwa ma tana ɗaukar cutar, kuma dalalar yawu tana cikin alamominta.