Wai me ake nufi da "fatna" a kamfanin kwansaltin?

Kwanan nan duk inda ka leƙa sai ka ci karo da kalmar nan. LinkedIn ya cika da masu sanarwar sun zama fatna, a rediyo ma in an gayyato baƙo sai ka ji mai gabatarwa ya ce wane fatna ne a kamfani kaza, ya ƙara da cewa wato kamar babban darakta kenan. To ba haka ba ne, kuma abin yana damuna sosai, saboda akwai matasa da ke ɗora rayuwarsu kacokan a kan wannan kalma, su yi shekara goma suna bin ta a guje ba su taɓa tsayawa sun tambayi me ke cikinta ba.

A kamfanin kwansaltin, wato mai ba wasu kamfanoni shawara a biya shi, matakan kowa ya sani: ka shiga a analis, ka zama kwansaltan, ka zama manaja, a haka dai har sama. Su kansu sunayen nan ba abin dogaro ba ne, ɗauki manyan kamfanonin kwansaltin biyu, a McKinsey wanda ake kira asoshiyet yawanci ya riga ya yi MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a BCG kuwa asoshiyet shi ne yaron da ya fito daga jami'a jiya jiya. Suna ɗaya, amma tsakaninsu akwai shekaru da albashi mai yawa.

Inda ake ruɗewa shi ne a ɗauka fatna ma mataki ne irin waɗancan, sai dai shi ne na ƙarshe. A asalin ma'anarsa fatna mai kamfani ne. Yana da hannun jari, a wurare da yawa sai ya zuba kuɗinsa kafin a shigar da shi, wani ma bashin banki zai ci ya biya, kuma abin da yake samu kason riba ne, shekarar da aka samu ya samu, shekarar da kasuwa ta faɗi shi ma ya ji a jikinsa.

Tsarin nan daga lauyoyi aka aro shi. James McKinsey, malamin akanta a Jami'ar Chicago, ya kafa kamfaninsa a 1926, amma wanda ya ba kamfanin siffar da yake da ita yau Marvin Bower ne, lauya da ya yi karatu a Harvard, ya yi aiki a wani ofishin lauyoyi a Cleveland kafin ya koma McKinsey a 1933. A lokacin ba a ɗauki masu ba kamfanoni shawara da wani mutunci ba, shi kuma Bower so yake a riƙa kallonsu kamar yadda ake kallon lauya ko likita, don haka sai ya kwaso tsarin ofishin lauyoyi gaba ɗaya ya dasa: a ɗebo matasa masu ƙoƙari daga makaranta, a horar da su, 'yan kaɗan su zama masu kamfanin, sauran a sallame su cikin mutunci. Wannan na ƙarshen shi ne dokar "ko ka hau ko ka fita", wadda ofishin lauyoyi na Cravath a New York ya yi suna da ita tun farkon ƙarni na 20. Kuma Bower bai tsaya a baki ba, da ya cika shekara 60 a 1963 sai ya sayar wa kamfanin hannun jarinsa a farashin da ke rubuce a littafi, alhali da ya kai kasuwa da ya samu ninkin ba ninkin, don dai na baya su iya saye su ma su zama masu kamfani. Ni a wurina nan ne kalmar ta samu darajarta, amana ce da kake riƙewa ka miƙa wa na bayanka.

Amma ka duba lissafin da ke ƙarƙashi. Fatna ɗaya yana cin riba ne daga aikin ƙananan ma'aikata da yawa da ake cajin kastoma kuɗin lokacinsu, in kowa ya zama fatna babu ribar da za a raba. Kenan tun ranar da aka ɗauke ku aiki an san mafi yawanku ba za su kai ba, ba don ba su iya aiki ba. Wannan ya kamata a riƙa faɗa wa yara ƙarara tun a intabiyu.

Haɗarin ma gaskiya ne. Arthur Andersen na cikin manyan kamfanonin akanta biyar na duniya, badaƙalar Enron, kamfanin makamashi na Amurka da yake duba wa asusu, ta rusa shi a 2002, fatnoninsa da yawa da ba su taɓa ganin fayil ɗin Enron ba suka rasa jarin da suka zuba. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke wa Arthur Andersen kan badaƙalar a 2005, amma kamfani ya riga ya watse.

Yanzu kuma sunan ya yi araha. Akwai fatna mai albashi, sunan ne a katinsa amma ba shi da ko sisi a kamfanin, ba ya zaɓen shugaba, ba ya cikin rabon riba. Akwai asoshiyet fatna wanda har yanzu yana layi. Akwai kamfanonin da suka shiga kasuwar hannun jari, irin Accenture a 2001, daga baya suka ajiye sunan suka koma manajin darakta, kuma ni na fi ganin gaskiyar wannan da a ba mutum suna babu mallaka. Kastoma ne ake so ya ga kati ya ji da babba yake magana, shi kuma ma'aikaci a lallashe shi da suna maimakon kaso.

Sai maganar hutu, wadda ita ce ta fi ba ni tausayi. Mutum zai ce bari in daure yanzu, in na zama fatna na huta. Wa ya gaya maka? Aikin ne ke canzawa. Manaja yana kwana kan silaid da lissafi, fatna kuma ciniki ne a wuyansa, kowace shekara akwai adadin kwangilar da ake jira ya kawo, wayarsa ba ta kashuwa saboda shugaban kamfanin da ya kira ƙarfe goma na dare shi ne abincin tim ɗinsa gaba ɗaya, ga tafiye-tafiye, ga cin abincin dare da kastoma ranar da 'yarsa ke jiran ya duba mata aikin makaranta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. A wannan sana'ar kuwa awa 55 ba a ma ɗauke shi mako mai nauyi ba.

Ban ce kada a nema ba, akwai wanda ciniki da mu'amala da mutane ke cikin jininsa, wannan zai ji daɗin kujerar ƙwarai. Amma wanda abin da yake so shi ne ya zauna ya warware matsala da hannunsa, ya sani ƙarin girman zai raba shi da aikin da yake ƙauna, kuma wasu kamfanoni suna da layin ƙwararru da ba sai ka zama ɗan kasuwa ba, wasu kuma su fita daga matakin manaja su koma wajen kastoma su riƙa kwana a gida. In aka yi maka tayin sunan, ka tambaya ko akwai hannun jari a ciki, nawa za ka zuba, kuma kwangilar nawa ake jira ka kawo a shekarar farko.