CEDEAO, AES da sefa: amsa ta ƙarshe, don na gaji

Ba a barina in kurɓi shayi a fada nan Tawa sai an jefo mini tambayoyin nan. Ga su, kowa ya karanta.

Mun fita daga CEDEAO ko ba mu fita ba?

Mun fita. Nijar, Mali da Burkina Faso, ƙasashen ƙawancen Sahel da ake kira AES, sun bar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS). An sanar ranar 28 ga Janairu 2024, ta tabbata 29 ga Janairu 2025.

To sefa fa?

Tana aljihunka. Ta UEMOA ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, bankinta BCEAO yana Dakar, kuma muna ciki. Ku daina haɗa su, don Allah.

Ina kai albasar Galmi Najeriya ta Konni. Fasfona mai tambarin CEDEAO yana aiki?

Alhaji, kwantar da hankalinka, amma saurara. A takarda yana aiki: ranar da muka fita CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, mutane da kaya su wuce yadda aka saba, har sai an sake shawara. Wannan "har sai" ɗin ita ce matsalar. Alfarma ce, mai alfarma kuwa yana iya janyewa. Kuma abin da aka rubuta a Abuja daban, abin da mai kaki zai gaya maka a shingen Illela da rana tsaka daban. Ni dai da ni ne, ba zan jefar da tsohon ba sai wa'adinsa ya cika, sannan in yi na AES. Kafin ka loda buhu ko ɗaya, kira direban da ya ƙetare jiya. Albasa ba ta jiran diflomasiyya, kwana kaɗan cikin zafi ta fara ruɓa.

Wa ya ba CEDEAO ikon rufe mana iyaka tun farko?

Rikici. Don kasuwanci aka kafa ta a Legas a 1975. Yaƙin Laberiya ya sa ta ɗauki bindiga da rundunarta ta ECOMOG a 1990, a 2001 kuma aka sa hannu a Dakar kan ƙin amincewa da juyin mulki. Turawa ma haka: bashin Girka na 2010 ya ƙara wa babban bankinsu ƙarfi, korona ta sa a 2020 suka yarda Tarayyar Turai ta ciwo bashin yuro miliyar 750 da sunan kowa. In wuya ta yi wuya shugabanni kan miƙa ikon da suke rowarsa. CEDEAO ta ja igiyar a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har Najeriya ta yanke mana wuta, sai igiyar ta tsinke a hannunta.

AES ba za ta taɓa yi mana haka ba ko?

A 2023 aka haife ta, ɗan'uwa. CEDEAO sai da ta shekara 15 kafin ta aika soja.