Kiran wayar da ba a samu: abin da netwok ke yi a bayan fage

Kiran da ba ya shiga shi ne wanda kamfanin waya ya karɓa daga mai kira amma ya kasa kai shi ga wayar da ake nema, ko don an kashe ta, ko caji ya ƙare, ko mai ita ya shiga inda babu sabis. Hausawan Makka da Jidda sukan ce "jawwal ɗinsa muglaƙ ne", wato wayarsa a kashe take, ko "babu shabaka", wato babu sabis, kuma yawanci ana haɗa biyun a matsayin abu ɗaya, alhali a wajen netwok sun bambanta sosai, har ma mai kira zai iya gane wanne ne idan ya lura da tsawon shirun da yake ji kafin muryar nan ta Larabci ta ce ba za a iya samun lambar ba yanzu.

A tsarin wayar salula na GSM, wanda ya fara aiki a Finland a 1991, kowane layi yana da rajista a babbar ma'ajiyar kamfaninsa da ake kira HLR, sannan akwai ƙaramar ma'ajiya VLR ta yankin da wayar take a lokacin. Netwok bai san takamaiman turken sabis, wato dogon ƙarfen eriya, da wayar ke ƙarƙashinsa ba in ba kira ake yi ba, yanki kawai ya sani mai turaka da yawa. To idan kira ya zo sai duk turakan yankin su yi shela da lambar shaidar wayar, kamar dai cigiya a kasuwa, in ta ji ta amsa, sannan ne mai kira zai fara jin ringin. Shi ma ringin ɗin ba ƙarar wayar can ba ce, netwok ne ke kunna maka shi a kunne.

Idan mutum ya danna ya kashe wayarsa da hannu, kafin ta mutu tana aika ɗan saƙon sallama, netwok ya rubuta cewa wannan layin ya fita, shi yasa kana kira nan take muryar za ta amsa ba wani jira. Yawancin wayoyi haka suke yi in an sa su a yanayin jirgi. Amma in sabis ne ya ɗauke farat ɗaya, misali mota ta shiga ramukan dutsen nan na Makka inda babu eriya, ko mutum ya sauka ƙasan bene, ko an cire batir, to ba ta samu damar sallama ba, netwok yana nan yana zaton tana kunne, sai ya yi shela ya jira, ya sake yi, kai kuma kana jin shiru na 'yan daƙiƙu kafin a ce ba a samu ba. Wannan shirun shi ne alamar.

Ba zai ta cigiya har abada ba dai. Waya tana sanar da netwok cewa tana nan lokaci-lokaci, kamfani ne ke sa tazarar, ana ƙirga ta da mintuna shida-shida kuma tana iya kaiwa awanni, in lokacin ya wuce ba a ji ɗuriyarta ba sai netwok da kansa ya sa ta a sahun waɗanda suka fita. Daga nan amsar ta koma zuwa da sauri kamar wadda aka kashe, to ka ga wanda wayarsa ta daɗe ba sabis ba za ka iya bambance shi da wanda ya kashe da gangan ba, kuma nan ne ake yawan ɗora wa mutane laifin da ba su yi ba.

Lokacin aikin Hajji akwai wata matsalar daban. A 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi, duk a Mina da Arfa cikin kwanaki kaɗan, kuma ko da kamfanonin wayar Saudiyya, STC da Mobily da Zain, suna ƙara turaka, idan kowa ya ɗaga waya lokaci guda waya na iya nuna sabis cike amma ta rasa hanyar amsa shelar, mai kira daga Kano ko Maraɗi ya ji an ce ba a samu ba, hankalin gida ya tashi, ita kuwa Hajiya tana zaune a tanti da wayar a hannu. Wanda ya zo da layin Najeriya kiransa sai ya fara zuwa kamfaninsa na gida ya tambayi inda yake sannan a juyo da shi Saudiyya, ko da mai kiran yana tantin da ke maƙwabtaka, wannan na ƙara jinkiri, shi yasa da yawa ke sayen shariha, wato layin waya, ta Saudiyya.

Ana iya gaya wa netwok abin da zai yi da irin wannan kiran. Lambar **62* a bi ta da wata lambar waya a rufe da # tana juya kira zuwa can duk lokacin da ba a same ka ba, *#62# na nuna inda aka juya, ##62# na sokewa. In an sa 67 a madadin 62 ta lokacin da kake kan wani kiran ce, 61 ta rashin ɗagawa, ##002# kuma tana share su duka. STC na da tsarin Mawjood da ke turo maka saƙon waɗanda suka neme ka da zarar ka dawo kan sabis.

Saƙon tes shi ba ya ɓata kamar kira, cibiyar saƙonni ce ke ajiye shi, wayar na dawowa HLR ta sanar da ita ta tura, sai dai in wa'adin ajiyar ya ƙare. WhatsApp kuwa ta intanet yake bi, alamar ✓ ɗaya a jikin saƙo na nufin saƙon ya isa sabar kamfanin bai isa wayar ba, don haka mutum na iya kasancewa a Wi-Fi na otal yana amsa WhatsApp lafiya lau amma layinsa ba ya shiga.