Baƙin Gilashi Da Binciken Mota A Titi: Daga Ina Rigimar Ta Taso?

Tun da rundunar 'yan sandan Najeriya ta dawo da lasisin baƙin gilashi a 2025, ta kuma sa ranar 2 ga Oktoba don fara kama waɗanda ba su da shi, bakin masu mota bai rufu ba. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta garzaya kotu, aka jingine kamen, amma muhawarar tana nan da ranta a gareji da majalisun unguwa da shafukan sada zumunta. Shekara guda kafin haka, a Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa doka ba ta ba jami'an duba lafiyar motoci na birnin, wato VIO, hurumin tare mota a titi ko ƙwace ta ko cin tarar direba ba. A duka biyun, daga cikin masu koke akwai matasan nan masu son mota, masu sauya wili da fitila da salansa, waɗanda ba sa iya barci idan fenti ya ƙarzu. Kokensu ɗaya ne duk inda ka same su: motar da ta wuce wannan shinge lafiya, a shinge na gaba sai a ce tana da laifi, kuma babu mai nuna maka ma'aunin da aka auna ta da shi.

Mai sauraro zai ɗauka jiya aka fara. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, wannan ya kusa shekara arba'in yana tsami.

Farkon labarin sananne ne. Dokar zirga-zirgar motoci gadon Turawan mulki ce, daga cikinta aikin duba lafiyar mota ya fito. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. A tsakiyar shekarun 1970 aka samar da masu ba da hannu, 'yan yalo fiba. A Fabrairun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa saboda yadda hanyoyi ke cin rayuka, daga baya jihohi suka kafa nasu, irin LASTMA a Legas a 2000 da KAROTA a Kano a 2012. Yawancin masu sharhi nan suke tsayawa, su ce masu kaki sun yi yawa a titi ɗaya. A ganina wannan bai bayyana dalilin da ya sa ake jayayya a kan ita kanta motar ba. Sai an duba abin da ya faru da motocin da ke bisa titin.

Daga 1975 Peugeot na haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen a Legas. Manyan motoci kuwa akwai Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya fito da 504 ko Bitil sabuwa dal, kujeru a leda. Hatta motocin Japan irin su Datsun, yawanci sababbi ne da dillalai suka yi odarsu domin wannan kasuwa. Wannan ya sauƙaƙa wa mai duba mota aikinsa ƙwarai. Ya san 504 kamar yunwar cikinsa: launin gilashinta, tsayinta daga ƙasa, ƙarar salansarta, irin hasken fitilarta. Da ya ga wadda ta bambanta ya san hannu ya taɓa ta. Ido ya wadatar a lokacin, domin abin da za a kwatanta da shi yana nan birjik a kowane titi.

Sai farashin mai ya karye a kasuwar duniya, ƙasa ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986. A watan Satumban shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, dalar da a farkon shekara take kusan kunnen doki da naira ta haura naira 4 a tashin farko, kuma ba ta sake komawa inda take a da ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Masana'antun haɗa motoci suka yi ta rage aiki, wasu suka rufe. Giɓin da suka bari, gwanjon Turai ne ya cike shi: 'yan Beljiyam, waɗanda a kudu ake kira tokumbo, a loda su a jirgin ruwa a sauke a Legas ko Kwatano. Daga Kwatano wasu su shigo ta Seme, wasu su haura Nijar ta Gaya, su gangaro ta Ƙonni da Maraɗi zuwa kasuwannin Arewa. Golf da Sharan suka gaji 504 a tasha. Daga baya Amurka da Kanada suka zama babbar hanyar samun mota, Honda da Toyota suka cika gari. Haramcin shigo da mota ta iyakar ƙasa da ya fara aiki a Janairun 2017 ya sauya hanyar da suke biyowa, bai sauya irinsu ba.

Kowa ya san wannan a matsayin labarin tattalin arziki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, kowace ɗaya daga motocin nan an ƙera ta ne bisa dokar ƙasar da aka yi ta dominta, kuma dokokin ba ɗaya ba ne. 'Yar Amurka sau da yawa siginarta ta baya ja ce, 'yar Turai ruwan ɗorawa. Wata allon gudunta na ƙirga mil, wata kilomita. Wadda ta fito daga Ingila ko Japan sitiyarinta a dama yake, a kai ta gareji a mayar da shi hagu, amma a bar fitilun gaba yadda suke, alhali an saita su ne don mai tafiya a hannun hagu, sai su riƙa watsa haske a idon mai tahowa. Samfuri ɗaya zai iya zuwa iri uku ko huɗu: wata a ƙasa-ƙasa da manyan wili da farar fitila tun daga kamfani, wata a yadda aka saba gani. Daga nan tambayar da ido ke amsawa cikin sauƙi a da, wato shin an taɓa motar nan ko haka aka haife ta, ta gagari ido.

A daidai wannan gaɓa, a 1991, aka fitar da dokar soja mai lamba 6 da ta haramta baƙin gilashi. Dokar ta hana a rina gilashi ko a duhunta shi, kaɗan ko da yawa, ta yadda ba za a iya ganin mutum ko kayan da ke ciki sosai ba. Ta bar ƙofar izini saboda rashin lafiya ko tsaro. Ta ba wanda ya sayi irin wannan mota ko ya shigo da ita kwana 14 ya sauya gilasan, ta sa tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Masu rubuta ta sun yi ta ne don titin da suke gani, inda baƙin gilashi kusan kullum ke nufin wani ya manna leda da gangan. Ba ta faɗi adadin hasken da ya kamata ya ratsa gilashi ba, domin a titin 504 ba a bukatar adadi.

Ba a yi nisa ba motocin iyali na Amurka suka fara kwararowa. A can doka ta yarda manyan motoci irin su Sienna da Highlander su fito da gilasan baya masu duhu, muddin na gaba da na gefen direba suna barin haske sosai. Duhun nan ba leda ba ce, a cikin gilashin aka narka shi, babu abin ɓarewa. Wanda ya duƙa ya duba kusurwar gilashin zai ga ɗan tambari: AS1 a na gaba, AS2 a na gefen direba, AS3 a mai duhun baya. Mai motar da ya san wannan, shi zai nuna da yatsa idan an tare shi.

"Yallaɓai, wallahi haka ta zo daga kamfani, ga tambarin nan."

Jami'in ya sa a sauke gilashin rabi, ya goga farce a bakinsa ko zai ji gefen leda, bai ji komai ba. Ya ja baya ya leƙa.

"Na ji, Alhaji. Amma ni daga nan ba na ganin wanda ke zaune a baya."

Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Ɗaya na riƙe da ƙa'idar da aka ƙera motar a kanta, ɗaya na riƙe da lafazin dokar ƙasarsa, babu wani abu na uku da zai raba gardama. A Ingila, alal misali, doka ta yanka adadi: gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na haske, na gefen gaba kashi 70, na baya kuwa ba a ƙayyade ba. Ɗan sanda na da 'yar na'urar da zai manna a gilashi ta nuna lamba. Direba zai iya jin haushi, amma ya san inda iyakar take tun kafin ya kai motarsa wurin mai leda. Inda babu lamba, hukunci na komawa ga hasken rana a lokacin, da ƙarfin idon mai dubawa, da yadda aka yi sallama. Daga nan zargin son rai ke samun gindin zama, ko da jami'in ya yi iya gaskiyarsa.

Haka maganar take a kan salansa da fitila da tsayin mota. Ƙara nawa ce ta wuce kima? Haske nawa ne ke makantarwa? Matashin da ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ya sayi kayan ado, mai shago ba zai iya gaya masa wanne doka ta yarda da shi ba, domin shi ma cikin kwantenar gwanjo kayan suka iso masa, wani daga Jamus, wani daga Dubai, wani daga Sin.

Wannan bai wanke masu son mota baki ɗaya ba. Akwai mai ƙara leda baƙa wuluk a kan gilashin kamfani har da na gaba, ya riƙa sauke gilashi da dare kafin ya iya kwana. Akwai mai ɗaura dogon sandan fitila a bamba ya kunna shi a tsakiyar gari, mai babur da ke tahowa ya rasa inda titi yake. Akwai mai cire indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, don motar ta yi ruri, ya hana unguwa barci, da masu juya mota a wurin ɗaurin aure a tsakiyar yara. Hujjar tsaro ma ba ƙirƙira ba ce. Duk wanda ya ji labarin 'yan wan-cans a Abuja, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, ko masu satar mutane ya san dalilin da zai sa jami'i ya so ganin cikin mota. Sai dai rashin ma'auni yana haɗa mai wannan ɓarna da magidancin da ya sayi Sienna don yaransa, ya zuba su a layi guda.

Taya ta nuna cewa abin na iya sauƙaƙa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tun da aka wayar da kan direbobi a kan haka, har mai faci ya iya karanta su, kuma gardamar tsufan taya ba ta cika tsawo ba, ana duƙawa a karanta ne. Cibiyoyin gwajin mota da kwamfuta, irin waɗanda Legas ta fara buɗewa a 2017, kan wannan turba suke, suna auna burki da fitila da hayaƙi su fitar da sakamako a takarda. Amma gwajin a cikin cibiya ake yin sa, gardamar kuwa a bakin titi take tashi, inda mai dubawa ba shi da komai sai idonsa da farcensa.

Ƙarar da aka yanke hukuncinta a 2024 ta shafi wanda ke da ikon tare mota da cin tara, ta 2025 kuma ta shafi halaccin lasisin da kuɗin da ake biya. Duk yadda suka ƙare, adadin hasken da gilashin mota zai bari a Najeriya ba zai fito daga cikinsu ba, aikin masu gyara doka ne. Dokar 1991 tana nan yadda aka rubuta ta, da tararta ta naira 2,000 da wa'adinta na kwana 14, jiragen ruwa kuma na ci gaba da sauke motoci masu tambarin AS3 a tashar Legas.