Daga littafin shago zuwa shafin intanet: tambayoyin masu zane

Shekara uku ke nan ina kula da shafin intanet na maigidana, wani mai zanen fenti a Birnin Kebbi. Masu zane da masu zayyana da masu ɗaukar hoto, daga Argungu har Gusau, sukan tare ni da tambayoyi kusan iri ɗaya. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Ina da Facebook da Instagram, me zan yi da wani shafi kuma?

Can rumfar aro ce, aikin da ka ɗora jiya kafin gobe ya nutse. Shafinka kuwa kai ke jera kayanka yadda kake so. Ana iya gina shi da WordPress, wata manhajar gina shafuka, a yi masa rajistar suna mai .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su. Kowace shekara ake sabunta rajistar, sai ka rubuta ranar inda idonka zai riƙa kaiwa.

To, daga ina ake farawa?

Daga littafin shago, tun kafin a taɓa kwamfuta. Kowane aiki ya samu layinsa: lamba, suna, shekara, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi a santimita, inda yake yanzu, farashi, da wanda ya saya. Littafin rajista mai bango ya wadatar. Wanda ya iya Excel ko Google Sheets ya kwafe a can ma.

Lambar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Mu muna sa shekara sannan jeri, kamar 2024-017. Ana rubuta ta da fensir a bayan zanen, ita ce sunan hotonsa a waya, ita ce kuma a ƙarƙashinsa a shafi. Da wuya na koyi wannan. Maigida yana da zane uku na masunta a Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, kowa rungume da gora da homa, kuma duk ukun sunansu "Kamun Kifi". Ba abin mamaki ba ne, bikin Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, shi baƙi suka fi nema. Wani ya kira daga Abuja, aka yi ciniki, ya turo kafin alƙalami. Ashe wanda ya gani a shafi an sayar da shi wata biyu da suka wuce, ni kuma na sa alamar "an sayar" a kan ɗan'uwansa. Maigida ya maida kuɗin, ya ba da haƙuri, ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka ga abin da rashin lamba ya ja mana." A daren muka zauna da fitila muna juya zane ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa.

Duk abin da ke littafin ake ɗorawa?

A'a. Suna, shekara, kayan aiki, girma, da ko yana nan ko an sayar, su ke fita. Sunan mai saye da lambar wayarsa da bashin da ake binsa amana ce, a littafi suke tsayawa. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Farashi ra'ayi ne, ni dai na fi son a bar shi ga ciniki. Kuma ba kowane aiki ya cancanci shafi ba: ashirin masu kyau sun fi ɗari da aka zuba kamar gwanjo.

Yaya ake ɗaukar hoton aikin?

Da hantsi, a inuwa, ba tare da hasken waya ba, domin yana ƙyalli a kan fenti. Ka jingina zanen a bango, ka tsaya daidai tsakiyarsa don kada ya karkace. Da hunturu ka kakkaɓe ƙura, ka guji ranar hazo, tana kashe launi. Ka ajiye babban hoton, ka ɗora ƙarami mara nauyi a shafi, saboda mai kallo da datarsa yake kallo, kuma idan hoto ya daɗe bai buɗe ba tafiyarsa zai yi.

Idan na sayar da zane, ina da ikon barin hotonsa a shafi?

Galibi kana da shi. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sayar da zane ba ya nufin sayar da haƙƙinsa, sai an yi hakan a rubuce. Haƙƙin zane yana nan tsawon ran wanda ya zana shi da ƙarin shekara 70. Amma hoton mutum da ya sa ka zana masa don ɗakinsa daban ne, dokar ta ba shi damar hana a baje shi. Ko ba doka ma, wa zai ɗora zanen amarya ko na matar aure bai nemi izini ba? Shi ya sa na ƙara gurbi a littafinmu: "ya yarda a nuna", e ko a'a, ana tambaya tun ranar karɓar aiki.

Yaushe ake sabunta shafin?

Ranar da abu ya canza. An gama aiki, an sayar, an kai baje koli, an dawo da shi: a fara rubutawa a littafi, sannan a gyara shafi. Mutum ɗaya ke riƙe da alƙalamin, don hannu biyu kan littafi ɗaya ruɗani ne. Duk Juma'a da safe nakan buɗe littafin a gefe, waya a hannu, in bi lamba-lamba. Ƙarshen wata kuma in ɗauki hoton kowane shafin littafin in tura Google Drive, in kwafe a filashi in kai gida, domin gara ta taɓa cinye mana rabin wani tsohon littafi a damina ɗaya.