Mene ne CSR da ɗorewa a kamfanin fasaha, kuma da me ake auna su?

Duk wanda ke duba shafukan manyan kamfanonin waya da na intanet zai riƙa cin karo da haruffa uku: CSR. Abin da ake nufi shi ne alhakin da ke wuyan kamfani game da al'umma, wato haƙƙin da ma'aikata da masu saye da maƙwabta da muhalli suke da shi a kansa, ban da ribar da yake nema wa masu hannun jari. Kalma ta biyu da ke tafiya da ita ita ce ɗorewa. Ma'anar da aka fi amfani da ita ta fito ne daga rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987: mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun tauye wa na gobe damar biyan tasu ba.

A wajenmu, da an ce CSR, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne rijiyar burtsatse da tambarin kamfani a jikin tankinta, ko rabon shinkafa da azumi, ko kwamfutoci a makarantar sakandare. Waɗannan alheri ne, ba wanda zai raina su. Gidauniyar MTN a Najeriya, alal misali, tana samun har kashi 1 cikin 100 na ribar kamfanin bayan cire haraji. A Indiya ma doka ce: tun daga dokar kamfanoni ta 2013, manyan kamfanoni sai sun kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaiciyar ribarsu ta shekaru uku a kan irin waɗannan ayyuka. Kamfanin Salesforce na Amurka ya yi suna da tsarin ware kashi 1 na hannun jarinsa, kashi 1 na lokacin ma'aikatansa da kashi 1 na kayan da yake ƙerawa.

Sai dai duk wannan magana ce a kan yadda kamfani ke kashe ɗan abin da ya ware daga ribarsa. Tambayar da ta fi nauyi ita ce yadda ya samu ribar tun farko. Ɗan kasuwar da ke tauye mudu a rumfarsa, ba sadakar da yake bayarwa ranar Juma'a ce za ta wanke shi ba. Don haka idan kamfanin fasaha ya ce shi mai manufa ne, ba neman kuɗi zalla ya kafa shi ba, wurin da za a duba shi ne cikin sana'arsa: daga ina ma'adinan wayarsa suka fito, wa ya harhaɗa ta kuma nawa aka biya shi, wace irin wuta ce ke kunna na'urorinsa, shekara nawa kayansa ke yi kafin su mutu, kuma ina suke ƙarewa.

Manufa a baki da manufa a takarda

Kowa na iya cewa yana da manufa. Abin da ke bambanta su shi ne ko an ɗaure maganar da doka. A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta cewa alhakin kamfani guda ɗaya ne, ya ƙara riba, kuma ra'ayin ya daɗe yana jan ragamar kasuwanci a Amurka. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani nau'in rajista da ke bai wa shugabannin kamfani damar yin la'akari da amfanin jama'a ba tare da masu hannun jari sun maka su a kotu a kan haka ba. Jihar Delaware ta fara wannan rajista a 2013, kamfanin Kickstarter kuma ya koma kanta a 2015. Akwai kuma shaidar B Corp, wadda ƙungiyar B Lab ke bayarwa bayan ta binciki kamfani. A tsohon tsarin da ta daɗe tana bi, sai kamfani ya ci maki 80 cikin 200, a kuma sake bincikensa duk shekara uku. Shaidar ba ta dindindin ba ce: kamfanin Etsy ya samu, daga baya ya sake ta a 2017 lokacin da masu zuba jari suka matsa masa lamba a kan riba.

Yadda ake lissafin hayaƙi

A ɓangaren muhalli, ma'aunin da kusan kowa ke bi ya raba hayaƙin da ke ɗumama duniya gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne wanda kamfani ya ƙona da kansa: man motocinsa da dizal ɗin janaretansa. Wannan lissafinsa mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Ofishi ko turken sadarwa da ke shan lita 1,000 a wata zai sha lita 12,000 a shekara, wato tan 32 da ɗan ɗoriya. A ƙasashen da wutar gwamnati ba ta tsayawa, kamar Najeriya, wannan rukuni yana da girma ƙwarai ga kamfanonin sadarwa, shi ya sa mayar da turaku kan sola da batir ya fi dashen itatuwa na biki tasiri nesa ba kusa ba.

Rukuni na biyu shi ne wutar lantarkin da kamfani ya saya. Nan ne cibiyoyin ajiye bayanai ke shigowa, manyan gine-ginen nan da ke cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya. Ana auna ingancin cibiya da wani ma'auni mai suna PUE: a raba dukan wutar da ginin ya sha da wadda kwamfutocin kansu suka sha. Idan ginin ya sha 150, kwamfutoci suka sha 100, sakamakon 1.5 ke nan, ma'ana 50 ɗin ta tafi wajen sanyaya ɗaki da asarar waya da makamantansu. Google yana bayar da rahoton kusan 1.1. Amma ma'aunin bai ce komai game da ruwa ba, kuma wasu cibiyoyin suna rage wuta ne ta hanyar sanyaya na'urori da ruwa mai ɗimbin yawa, wanda a yankin da ke fama da fari babbar matsala ce.

Akwai wata dabara a wannan rukuni da ya kamata mai karatu ya sani. Kamfani na iya jan wuta daga layin da kwal ko gas ke samarwa, sannan ya sayi takardar shaidar cewa an samar da wutar iska ko ta rana daidai wannan adadi a wani wuri daban, ya rubuta cewa wutarsa tsaftatacciya ce ɗari bisa ɗari. Ƙa'ida ta yarda da haka, amma ta ce a bayyana lambobi biyu: ta takardun da aka saya, da ta ainihin layin da aka ja wutar. Rahoton da ya fito da ta farko a babban shafi ya ɓoye ta biyu a can ƙarshe, ya faɗa maka wani abu game da masu shi.

Rukuni na uku shi ne mafi girma kuma mafi wuyar lissafi: duk hayaƙin da aka fitar saboda kamfanin amma ba a harabarsa ba. Haƙar ma'adinai, masana'antun da ke ƙera masa sassa, jigila, siminti da ƙarfen gine-ginensa, har wutar da mai saye ke cajin waya da ita. A Janairun 2020 Microsoft ya yi alkawarin cewa zuwa 2030 zai riƙa cire kabon daga iska fiye da wanda yake fitarwa. A 2024 rahotonsa ya nuna hayaƙinsa ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a kan na 2020, galibi saboda ginin sababbin cibiyoyin bayanai. A shekarar dai Google ya bayyana ƙarin kashi 48 cikin 100 a kan na 2019. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, tana da babban hannu a wannan gine-gine. A yaba musu da suka fitar da lambobin da ba su yi musu daɗi ba, domin hakan shi ne amfanin rahoto. Amma darasin a fili yake: idan kasuwa tana bunƙasa da saurin da ya fi na gyaran inganci, jimillar hayaƙi hawa take yi.

Wayar da aka ƙera don a gyara ta

Misali mafi bayyana na kamfanin da ya sa manufa cikin kayan da yake sayarwa shi ne Fairphone na birnin Amsterdam a ƙasar Holan, wanda Bas van Abel ya kafa a 2013. Hujjarsu ta tsaya a kan abu ɗaya tabbatacce: mafi yawan hayaƙin da ke tattare da wayar hannu, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ana fitar da shi ne wajen ƙera ta, kafin ma a kunna ta. Saboda haka babu abin da ya kai tsawaita rayuwarta amfani. Wayar da ta yi shekara shida ta hana a ƙera wata ta biyu da mai canzawa duk shekara uku zai saya.

Waya kuwa abubuwa uku ne suka fi kashe ta: batir ya raunana, gilashi ya fashe, ko manhaja ta daina samun sabuntawa. Duk mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya san wahalar na biyun farko. Yawancin wayoyin yanzu da gam ake liƙe su, sai an ɗumama bayan wayar an ɓamɓare a hankali, kuskure kaɗan gilashin baya ya tsage ko siririyar wayar da ke haɗa sassa ta yanke. Fairphone 5, wadda ta fito a 2023, ana buɗe bayanta da farce, a zare batir da hannu, sauran sassan kamar gilashi da kamara da bakin caji da sifika kuma ƙaramar sukudireba ɗaya ta isa a kwance su. Kamfanin yana sayar da sassan, ya bayar da garantin shekara biyar, ya kuma yi alkawarin sabunta manhaja har 2031. Don cika wannan alkawari sai da suka zaɓi ƙwaƙwalwar waya ta kamfanin Qualcomm da aka ƙera wa na'urorin masana'antu, saboda ita ce ake daɗewa ana tallafa wa.

Hanyar ba ta zo musu da sauƙi ba. A 2017 sun daina samar da kayan gyaran wayarsu ta farko, shekara uku da 'yan watanni bayan fitowarta, domin masana'antun da ke ƙera sassan sun daina, kuma ƙaramin kamfani ba shi da yawan odar da zai sa a sake kunna masa inji. Wayar tasu ta fi sa'o'inta tsada da kauri. A wajen ma'adinai ma akwai iyaka. Tun 2016 suke sayen zinari mai shaidar cinikin adalci, amma zinari idan ya shiga matata cakuɗuwa yake yi da na ko'ina, don haka abin da za su iya tabbatarwa shi ne sun sayi adadin da wayoyinsu ke bukata daga mahaƙa mai tsafta, ba wai shi ne ainihin wanda ke cikin wayar hannunka ba. Kobal ɗin batir kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani ɓangare daga ramukan masu haƙa da hannu inda ake samun yara ƙanana. Guje wa waɗannan ramuka yana wanke sunan kamfani amma yana barin mahaƙan cikin halinsu, shi ya sa a 2020 Fairphone ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata haɗaka don gyara yanayin aiki a can. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 sanadiyyar niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, ya san abin da haƙa ba kariya ke jawowa.

Abin da ƙaramin kamfani ya nuna yana yiwuwa, doka ta fara tilasta wa manya. Daga Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai sai batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, a samar da kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, a kuma sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar.

Inda kayan ke ƙarewa

A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Wani kaso na sauran yana shigowa Afirka ta Yamma da sunan kayan gwanjo, wasu suna aiki, wasu matattu ne tun daga jirgi. A Agbogbloshie, wani filin jari-bola a Akara babban birnin Gana, kafin a rushe wurin a 2021, matasa, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, suna ƙona wayoyin lantarki su ciri jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙin roba. 'Yan jari-bola a garuruwanmu ma haka suke fasa tsofaffin batura da hannu.

Ƙa'idar da ake bi a nan ita ce wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya shi ne zai ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu. A Najeriya hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, ce ke sa ido a kan wannan. Fairphone kuwa tun daga wayarsa ta 2021 ya ɗaura wa kansa cewa duk wayar da ya sayar zai tattara sharar lantarki mai nauyinta a sarrafa, wani ɓangare daga ƙasashen Afirka.

Idan rahoton kamfani ya zo hannunka, ka tsallake hotunan yara masu murmushi ka nemi lambobi. Ka duba ko sun faɗi jimillar hayaƙi na rukunan uku, ba raguwa a kan kowace naira ta ciniki kawai ba, da shekarar da suke kwatantawa da ita. Ka duba ko wani mai bincike daga waje ya sa hannu. Idan sun ce hayaƙinsu ya kai sifili, ka gano nawa suka rage da gaske, nawa kuma suka biya wasu a kan dashen itace ko kare daji, domin yawancin irin waɗannan ayyuka suna da wuyar tabbatarwa, kuma itacen da gobara ta cinye ya mayar da kabon ɗinsa iska. Ka nemi sunayen masana'antun da ke yi musu aiki da albashin da ake biya a can, sannan ka tambayi mai gyara na unguwarku ko ana samun batir da gilashin wayar a kasuwa, kuma a kan nawa.