Dokar ƙwadagon yara ta duniya ba ta hana ɗa taya iyayensa aiki ba

Jita-jitar da ake yaɗawa wai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta haramta wa yara kowane irin aiki, har za a ɗaure uban da ɗansa ya taya shi, ba ta da tushe.

Yarjejeniyoyi biyu ne a nan. Mai lamba 182 ta 1999 ta shafi duk wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana bauta, fataucin yara, tilasta musu shiga yaƙi, karuwanci, safarar miyagun ƙwayoyi da aiki mai haɗari. Wannan ba gardama a kanta: zuwa 2020 duk ƙasashe 187 na ƙungiyar sun amince da ita.

Ruɗanin yana cikin mai lamba 138 ta 1973. Ta ce kada a ɗauki yaro aiki sai ya kai shekara 15, ko 14 a ƙasar da tattalin arzikinta da makarantunta ba su yi ƙarfi ba. Nan mutane ke tsayawa, ba sa ƙarasa karatun. Yarjejeniyar ta ba ƙasashe damar halatta aiki mara nauyi daga shekara 13, ko 12 a waɗancan ƙasashen, muddin ba zai taɓa lafiyar yaro ba, kuma ba zai hana shi makaranta ba. Yarinyar da ta yi shara bayan an tashi daga makaranta daban, yaron da ke fesa maganin ƙwari ba safar hannu, ko wanda ake zurawa ramin haƙar ma'adinai da igiya, daban.

To, hukuncin fa? ILO ba ta da 'yan sanda, ba ta da kurkuku, ba ta cin kowa tara. Gwamnati take tuhuma, ba magidanci ba. Ƙasa na aika rahoto Janiba, birnin da hedkwatar ƙungiyar take, kwamitin ƙwararru ya duba ya yi tsokaci. In abin ya ƙi ci, a kafa hukumar bincike. Mataki mafi tsauri shi ne sashe na 33 na kundin ƙungiyar, wanda aka fara amfani da shi kan Miyanmar a 2000 saboda aikin tilas. Ɗauri ko tara sai abin da dokar ƙasa ta tanada.

A nan ne, a ganina, gizo ke saƙa. Sufetocin ƙwadago sun fi leƙa masana'antu masu rajista, alhali yawancin yaran da ake ci da guminsu suna gonaki ne, inda sufeto ba ya zuwa.